Farin Mabul a Kan Kantar Kicin: Zai Jure Girkin Gidan Yawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gininmu a Kano ya kai kan kicin, ni kuma tun ba yau ba raina ya kwanta da farin mabul ɗin nan mai jijiya ruwan toka, shi nake so a shimfiɗa a kan kanta. Maigidan ya ce an faɗa masa ba ya jure wahala, mai sayarwa kuma ya ce da zarar an shafa masa sila, wani ruwan kariya da ake shafa wa dutse, babu abin da zai same shi. Gidanmu gidan yawa ne, tukunya ba ta sauka daga kan wuta. Don Allah mene ne amfaninsa, mene ne kuma illarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa a ƙarasa ginin lafiya, ya sa a shiga a sa'a.

Maganar maigida ta fi ta mai sayarwa kusa da gaskiya. Sana'ata ke nan, yankan dutse da ɗora shi, kuma in aka ce in nuna dutsen da ya fi kowanne kyau a ido, mabul zan nuna ba tare da dogon tunani ba. Duk da haka, kicin ɗin da ke da 'yan matanki da mai aiki da baƙi duk za ku sa hannu a cikinsa, ba zan ba ki shawarar shimfiɗa masa farin mabul mai ƙyalli daga wannan bango har wancan ba. Dalilin yana cikin abin da aka halicci dutsen da shi, da irin abincin da muke dafawa.

Asalin mabul dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda kamfanonin siminti ke haƙa. Zafi da danniyar ƙasa ne suka gasa shi a can ƙarƙashi tsawon miliyoyin shekaru har ƙwayoyinsa suka sake haɗewa, ma'adinan da suka gauraya da shi kuma suka zama jijiyoyin nan da suka ba ki sha'awa. Sai dai sinadarinsa bai sauya ba. Kalsiyam kabonet ne, abin da ke cikin ɓawon ƙwai, kuma shi da tsami ba sa ga maciji. Duk abu mai asid, komai rauninsa, in ya taɓa shi sai ya narkar da ɗan wurin da ya taɓa.

A nan mutane ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba, kuma ta nan mai sayarwa ya samu ƙofar faɗa miki abin da ya faɗa. Akwai tabo, akwai cin tsami. Tabo shi ne mai ko launi ya tsotsu ta 'yan ƙofofin dutsen ya zauna a ciki. Wurin yakan fi sauran duhu, amma in kin shafa hannu za ki ji shi sumul. A cin tsami kuwa babu abin da ya shiga, fuskar dutsen ce da kanta ta zaizaye. Wurin yakan yi fari-fari, ƙyallinsa ya mutu, ki goge ki sake gogewa yana nan daram. Sila maganin na farkon ce. Ruwa ne da ake shafawa ya shige cikin ƙofofin ya rage musu sha, ya ba ki lokaci ki goge kafin mai ya nutse. Ba ta yi wa saman dutsen rufi, saboda haka tsami yana taɓa fuskarsa kai tsaye, da sila da babu duk ɗaya. Wanda ya ce miki sila za ta hana lemun tsami cin mabul, ko dai bai san dutsen ba, ko kuma cinikin ne a gabansa.

Yanzu ki leƙa kicin ɗinki na yau ki ƙirga. Tumatir, ɗanye da na gwangwani. Lemun tsami da khal da ake wanke kaza da kifi da su. Tsamiyar da ake jiƙawa don kunu, ruwan tsamin tuwo, yakuwa, nono da kindirmo, abarba, lemon kwalba. Zoɓo kuwa shi ne babbansu, don da makami biyu yake zuwa: ga tsamin da ke cin fuska, ga jan launi mai shiga ciki. Ki ɗauki yammacin azumi, saura kaɗan a kira salla. An tace zoɓo a jug, ya ɗan gangaro ta gefe ya taru a gindi, an dire shi kan kanta an juya ga ƙosan da ke cikin mai. Babu wanda zai goge wurin nan sai an sha ruwa an yi Magariba. In aka zo gogewa, za a tarar da zobe daidai faɗin gindin jug ɗin, ja-ja kuma dusasshe. Jan yana iya fita da dabara. Dusashewar kuwa babu sabulun da zai cire ta, sai an sake goge dutsen da inji. Ba ma sai an ɗauki wannan lokacin ba, rabin lemun tsami da aka kife a kan mabul mai folish yana barin shaidarsa cikin minti ɗaya ko biyu.

A ɓangaren tabo manja ne kan gaba, sai kurkum da kori, sai man gyaɗa da shayi. Mai ba ya nuna kansa rana ɗaya. Gefen gas, inda ake ajiye ludayi da galan, a hankali yake yin duhu, sai bayan watanni ki lura kusurwar ta fita daban. A nan kam sila tana aiki ƙwarai, in an shafa ta da kyau ana kuma sabunta ta.

Sai maganar laushi. Akwai ma'aunin taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10 da wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812. Sinadarin mabul yana kan 3. Ƙarfen wuƙar kicin yana wajen 5 da rabi, manyan ma'adinan da suka haɗu suka yi giranit, dutsen nan mai ɗige-ɗige da shi ma ake shimfiɗawa a kan kanta, kuma suna tsakanin 6 da 7. Ma'ana wuƙa tana ƙarce mabul, giranit kuwa shi ke dakushe wuƙa. Yanka albasa kai tsaye a kan kanta, jan tukunyar da gindinta ya kwaso yashi daga tsakar gida, dirzar wuri da soson ƙarfe, kowanne yana barin layi. Ga kuma ƙurar hunturu da ke sauka kan komai daga Disamba zuwa Fabrairu, ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi mabul tauri nesa ba kusa ba. In aka sa busasshen tsumma ana murje ta kowace safiya, folish ɗin ake kankarewa kaɗan-kaɗan ba a sani ba. Laushin nan ne kuma ke sa bakinsa saurin ɓalgacewa, musamman kewayen sinki inda ake ɗaga babbar tukunya cike da ruwa a bugi gefe. Ƙaramin turmin citta da tafarnuwa ko saran ƙashi, kada a yi su a kansa, domin jijiyar da ta ƙawata shi sau da yawa ita ce layin da yake bi ya tsage.

Ruwa ma yana da tasa rawar. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana barin farin gishiri a gindin famfo in ya bushe. A kan tayil ko ƙarfe khal kaɗan ya isa ya narkar da shi. A kan mabul ba dama, tunda gishirin da dutsen kusan sinadari ɗaya ne, abin da ya ci wannan zai ci wancan. Wasu fararen mabul kuma suna da ɓurɓushin ƙarfe tun daga ma'adini, in famfo mai yoyo ya daɗe yana jiƙa su sai ƙarfen ya yi tsatsa daga ciki, dutsen ya koma rawaya-rawaya, kuma irin wannan tabon da wuya yake fita. Zafi kuwa da sauƙi: ba ya ƙonewa, amma tukunyar da aka sauke daga wuta aka dire masa tana iya dusashe folish ko ta buɗe tsaga a kan jijiya.

To me ya sa duniya ba ta rabu da shi ba? Domin abin da yake da shi babu mai ba ki irinsa. Haske yana ɗan shiga cikin fatar farin mabul kafin ya dawo, shi ya sa yake da wani taushi a ido da tayil mai zanen mabul ba ya iya kwaikwaya, komai ƙwarewar injin da ya buga zanen. Babu falle biyu masu jijiya iri ɗaya. Duwatsun Karara a yankin Tuskani na Italiya tun zamanin Rumawa ake fasa su har yau, kuma irin wanda kika kwatanta, fari mai ɗan toka da siraran jijiyoyi, shi ne wanda aka san wurin da shi. Wanda ake kira Kalakata, daga yanki ɗaya, ya fi shi fari da kaurin jijiya, ya kuma fi shi kuɗi. Taj Mahal a Indiya da mabul ɗin Makrana aka lulluɓe shi tun ƙarni na 17, yana nan tsaye. Ƙarko dai akwai shi, kantar mabul tana iya kaiwa ga jikoki. Abin da ba za ta riƙe ba shi ne kamannin ranar da aka ɗora ta.

Sanyinsa ma gaskiya ne. Duk wanda Allah ya kai Makka ya taka farin mabul ɗin filin ɗawafi da rana tsaka ya san ba ya ƙona ƙafa. Daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka aka kawo shi, kuma farinsa ƙal yana mayar da yawancin hasken rana. A cikin kicin abin da ke faruwa daban ne: dutsen yana janye zafi daga duk abin da aka ɗora masa, yana kuma daɗewa bai ɗumama ba. In kina murza kwaɓin fulawa mai bota, na mitfai ko cincin, ko kina baza tuwon madara ya huce, a zafin Afrilu na Kano za ki ga bambanci, botan ba ya saurin narkewa, kwaɓin ba ya cika mannewa. Fulawa da sukari kuma ba su da tsamin da zai cuce shi. Sai dai giranit ma yana ba da wannan sanyin, don haka sanyi kaɗai bai isa dalili ba.

Babbar fa'idarsa a wurina, wadda ba a cika faɗa ba, ita ce yana gyaruwa. Mai gyara zai zo da inji da faifan gogewa masu ƙwayar daimon, ya fara da mai kaushi ya bi har zuwa mai laushi, da ruwa, ya cire siririyar fata daga sama, ƙarce da cin tsami duk su tafi, ba tare da an cire kantar daga inda take ba. Ɓalgacewa ana cike ta da gam mai launin dutsen. Tayil da ya fashe sai canji, katako mai rufin fomaika da ruwa ya kumbura kuwa sai juji. Amma ki bincika ko akwai mai wannan aikin kusa da ke, domin masu yankawa da ɗorawa sun fi masu gyara yawa ƙwarai, kuma hannun da bai ƙware ba yakan bar fuskar kanta da tudu da kwari.

Daga nan maganar ta koma kan halin mai kicin ɗin. A Italiya da Faransa akwai tsofaffin gidajen burodi da kantar mabul ɗinsu ta yi gomman shekaru, duk ta dusashe, ga tabo ga ƙarce, kuma masu ita suna ganin wannan ne adonta. Mu kuwa galibi ƙyallin muke saye. Farar shadda ce: wani zai sa ta ya zauna ya ci tuwo da miya a gidan biki hankalinsa kwance, wani kuwa ɗigon miya ɗaya ya ɓata masa yini. Ke kika san ɓangaren da kike. In zoben jug ɗaya zai sa ki rufe yarinya da faɗa, zai kuma riƙa tsone miki ido duk shigarki, to da kuɗinki kin sayo wa gidanki fitina. Wannan ya fi damuna a kan duk lissafin sinadarai, domin na ga gidajen da kicin ya zama wurin ɗari-ɗari, yara suna tsoron ajiye kofi.

Kafin ma a kai ga zaɓi, ki tabbatar da abin da ake nuna miki. A kasuwanninmu, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja ko Orile a Legas, kusan duk dutse mai sheƙi mabul ake ce masa, har da giranit, har da na haɗi da aka yi a masana'anta. Sau da yawa wadda ta ce miki "ai mu mabul ne a kicin ɗinmu, shekara da shekaru ko gezau", in kin je kin duba baƙin giranit ne mai ɗige-ɗige. Ido yana taimakawa, amma gwaji ya fi ido. Ki nemi guntu daga ainihin fallen da za a yanka miki, ba samfurin da ke kan tebur ba. Ki kai gida ki ɗiga masa ruwan lemun tsami a wuri ɗaya, manja a wani, zoɓo a wani, ruwa zalla a wani. Bayan minti 15 ki goge, ki kai shi bakin taga ki karkata. Inda lemun tsami ya kashe ƙyalli, dutsen dangin farar ƙasa ne ko da wane suna aka raɗa masa. Inda ruwa zalla ya bar duhu, mai sha ne, zai buƙaci sila sosai. Sannan ki ja masa tsinin wuƙa a gefe, in ya ƙarce to mai laushi ne irin mabul. Wannan gwaji yana tona asirin wasu fararen duwatsu da ake sayarwa da sunan kwazayit. Kwazayit na ainihi dutse ne mai taurin gaske da tsami ba ya ci, amma wani lokaci abin da ke hannun mai shago mabul ne nau'in dolomait, wanda ya ɗan fi tauri, tsami kuma yana jinkiri a kansa, amma yana ci. Kada kuma ki ɗauka baƙin mabul zai rufa asiri, shi ya fi kowanne tona cin tsami tunda wurin fari yake komawa.

Muna da namu mabul ɗin a ƙasar nan, a Jakura da ke Kogi, da Igbeti a Oyo, da Okpella a Edo, da yankin Toto a Nasarawa, sai dai yawancinsa siminti da farar hoda da tsakuwar terazo ake yi da shi. Manyan fallayen kanta galibi shigowa da su ake yi daga Italiya, Turkiyya, Sifaniya, Masar, Indiya da Sin, shi ya sa farashinsu ke bin dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga inda abin ya kai. In za ki yi lissafi kada ki tsaya kan kuɗin murabba'in mita. Ki haɗa da yanka, gyaran baki, huda wurin sinki da na gas, dako, ɗorawa, sila, da asarar da ake yi wajen daidaita jijiya a mahaɗa.

Shawarata ga irin gidanki ita ce a raba aiki. Giranit a layin da ake wahala, wato gefen gas da sinki da wurin yanka. Mabul a inda zai yi ado ya kuma huta: teburin tsakiya in akwai fili, ko wani yanki na murza fulawa nesa da wuta. Gidaje da yawa a Arewa dama kicin biyu gare su, na ciki da na tsakar gida inda ake tuƙa tuwo da suya da dakan yaji. In naki haka yake, mabul a na ciki abu ne da za a iya tattaunawa. Sai dai ki yi wa kanki adalci, da damina ta kankama ko dare ya yi, ciki girkin yake dawowa.

Za a kuma nuna miki kwaz, dutsen haɗi ne, kusan kashi 90 cikin 100 niƙaƙƙen ma'adini, sauran gam da launi, har akwai mai zanen Kalakata da sai an matsa kusa ake ganewa. Tsamin abinci ba ya cin sa, ba ya buƙatar sila. Rauninsa zafi ne, domin gam ɗin yana ƙonewa ya bar tabon da da wuya ya gyaru, rana kuma tana sauya masa launi, don haka bai dace da kicin ɗin waje ba. Akwai kuma abin da ya shafe mu masu aikin: ƙurarsa in an yanka shi a bushe cike take da silika, sinadarin da ke cikin yashi, tana yi wa huhu ɓarnar da ba ta warkewa. Ostareliya ta haramta sarrafa shi da ɗora shi daga 1 ga Yulin 2024 saboda yawan ma'aikatan da suka kamu. Ga mai girki a kansa babu haɗari, amma in shi kika zaɓa, ko ma giranit, ki sa sharaɗin a yanka da ruwa, a waje, yaran da ke aikin su rufe hanci da abin kirki.

In kuwa bayan duk wannan zuciyarki na kan mabul, ba laifi, amma a yi shi yadda ya kamata. Ki haƙura da folish mai ɗaukar ido, ki ce a ba ki wanda aka goge sumul aka tsaya kafin ƙyalli, wanda masu aikin ke ce wa mat. Cin tsami dusashewa ce, to a kan fuskar da dama ba ta ƙyalli da ƙyar ake ganin sa. Abin da za ki biya a kan wannan shi ne ya fi shan mai, sila ta zama dole. Wajen sabunta ta ki bi ruwa, ba kalanda ba: ki zuba cokali ɗaya kusa da gas, in bayan minti 10 ya bar duhu, lokaci ya yi. A kicin mai aiki yakan kama sau ɗaya ko biyu a shekara. A tabbatar silar mai shiga ciki ce, wadda ta dace da wurin abinci, ba banish da ke yin fata a sama ya zo yana ɓarewa ba.

Kauri iri biyu ake yawan samu, santimita 2 da 3. Murabba'in mita ɗaya na mai 2 yana kai kilo 54, na mai 3 ya ɗan haura 80, nauyin da ba na wasa ba ne ga kabet ɗin MDF, katakon nan na matsattsen garin itace da ruwa ke kumburawa. In bulo aka jera aka zuba kankare, yadda ake yawan yi a nan, mai 2 ya wadatar, da sharaɗin kankaren ya bushe, samansa ya daidaita, a kuma ɗora da farin gam ko farin siminti a cike ƙasan duka. Baƙin siminti yana iya ratsowa ya ɓata launin farin mabul daga ƙasa. Ɗora shi a kan dunƙulen kwaɓi huɗu ko biyar kuma yana barin rami, can zai fashe wata rana. In kan kabet ne, mai 3 ya fi, ko mai 2 da shimfiɗar filawud mai jure ruwa. Leɓen da ya fito babu matokari kada ya wuce santimita 15 a mai 2, ko 25 a mai 3. Siraran wuraren gaba da bayan sinki su ne mafi rauni, a tokare su daga ƙasa, a kuma zagaye bakin kantar ko da kaɗan ne. Wajen dako a tsaye ake ɗaukar falle, a kan gefensa. In kin ga an kwantar da shi a bayan a-kori-kura za a bi hanya mai gargada, ki tsayar da su.

Kulawar yau da kullum ba ta da wuya, dagewa take so. Ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke, tsumma mai laushi, sannan a tsane. Abin da ya zube a dangwale shi, kada a share ya bazu. Tire a ƙarƙashin galan ɗin mai, manyan katakon yanka da ba a ɗagawa. Duk mai shiga kicin ɗin a gaya masa ƙarara cewa maganin wanke banɗaki da hodar goge tukunya da toka ba sa hawa kantar nan. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ruwan asid ɗin da masu share sabon gini ke watsawa ko'ina don cire ragowar siminti, domin a yini ɗaya yana iya kashe kanta tun ba a dafa ko ruwan shayi a kicin ɗin ba. Saboda haka kantar ta zama cikin abubuwan ƙarshe da za a ɗora, a rufe ta da kwali har ranar tarewa.

In manja ya riga ya shiga, a kwaɓa bekin soda da ruwa ya yi kauri, a lafta a wurin, a rufe da leda a manne gefenta, a bari ya kwana. Washegari a cire ledar a bar shi ya bushe da kansa, wajen bushewar ne yake jan man, kuma yakan so maimaici. Tabon zoɓo ko shayi a kan farin dutse, ruwan haidirojin ɗin da ake wanke ciwo da shi yana ɗaga shi, amma ban da baƙi ko mai launi, yana koɗar da su.

Ranar da aka gama aiki, kada a biya cikon kuɗi sai kin zuba ruwa kin ga bai bar duhu ba, kin bi mahaɗa da farce kin ji babu tudu, kin ƙwanƙwasa ko'ina ba ki ji ƙarar rami ba. Guntayen da aka cire daga wurin sinki da na gas kuma naki ne, kin biya kuɗinsu. Ki sa a goge bakin ɗaya ya zama allon murza fulawa, ɗayan a ajiye a sito. Duk sabon sabulu ko magani da aka kawo gidan a fara gwada shi a kansa, in kuma wata rana bakin kanta ya ɓalgace, daga jikinsa mai gyara zai samu launin da ya dace.